Ɗan Aiken da Ya Jira a Damagum

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Baba ya riga mu tafiya a tsakiyar daminar nan, aka kai shi makwancinsa bayan azahar ana yayyafi. Ni ce autarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Inna. Ni kuwa na riƙe sunan da gaske, don babu wanda ya kai ni yi masa faɗa a gidan nan.

Ban san Baba yana da jama'a haka ba sai da aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Layinmu na Dogo Nini a Potiskum ya cika har masu Napep suka daina shigowa, suna sauke mutane a bakin titi. Muna cikin gida da Umma, mata na shiga suna fita, sai ga matar nan 'yar kudu mai shagon kayan masarufi a kwanar layinmu. Kirista ce. Ta ɗaura ɗankwali har goshi, ta durƙusa gaban Umma. Sai ta ce, da Hausarta ta kasuwa, "Mama, ranar da maigida na ya mutu a hanyan Bauchi, kowa ya sani, kowa yana da lamba na. Baba ne ya zo da ƙafa. Ya zauna a benci, ya ce in sallami masu saye tukuna, kafin ya faɗa min." Mata suka yi ta gyaɗa kai, don da yawansu suna da irin wannan labarin. Mutum ya ƙare rayuwarsa a aikin waya, amma bai yarda a faɗi mutuwa ta waya ba.

A waje, maigidana ya ce wani tsohon abokin aikin Baba ya taso tun daga Jos, ya tsufa tukuf, yana ta ba mutane labarin yadda suke hawa turaku tare zamanin da ake jan waya a kan itace. Akwai kuma wasu da 'yan unguwa ba su gane ba, sun zo a ƙungiya daga Damagum da Fika da Gadaka da Nangere. Masu rumfar cajin waya ne na kasuwannin ƙauye, mutanen Baba na shekarunsa na ƙarshe. Sun zauna can gefe sun haɗa kai, ko shayin da aka kai musu ba su taɓa ba.

Amma duk wanda ya gama addu'a ya shafa, sai ya ɗan dubi kan tabarma, inda babban gida yake zama ya karɓi gaisuwa. Yayyena maza ne a wurin. Baffanmu, yayan Baba da suke ciki ɗaya, ba ya nan. Tsofaffi suka yi ta tambaya ƙasa-ƙasa, "Ba a gaya wa na dajin ba ne?" Abin da Baba ya fi so a ƙarshen rayuwarsa ke nan, su ga juna da Baffa kafin ɗayansu ya mutu, kuma bai samu ba. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. Ina rubutawa kuma don har yanzu ina jin haushinsu su biyun, gara in faɗa in huta.

A ruga aka haife su, arewa da Damagum. Da aka zo neman yaro ɗaya daga kowace ruga saboda makarantar boko, kakanmu ya dubi 'ya'yansa biyu ya miƙa ƙaramin. Baba yakan ba da labarin yana dariya. "Ba don ƙwaƙwalwa aka ba da ni ba, Inna. Shanu nake ɓatarwa. Aka ce gwamnati ta je da shi, ita ma ta ɗanɗana." Baffa ya zauna da sanda, Baba ya tafi da littafi. Ya yi aiki a kamfanin waya na gwamnati, da wayar hannu ta zo kuma ya koma kula da turakun sabis na hanyar Damaturu har ya yi ritaya.

Tafiya da shi a mota aiki ce. Zai ajiye wayarsa a gaban gilashi yana tuƙi yana leƙenta. Can sai ka ji ya ce, "Ku lura, yanzu Potiskum za ta sake mu." A ɗan ƙara gaba ya ce, "To, na gaba ya karɓe mu." Babu wanda ya tambaye shi, amma sai ya yi bayani. Wai wayar mutum ba ta yin shiru ko yana barci, kullum tana gaida turken da ya fi kusa tana cewa ga ni nan. In ka matsa, wannan turken ya miƙa ka ga na gaba, kamar yadda mai masauki yake raka baƙo ya damƙa shi a hannun mai masaukin gari na gaba. Umma takan ce, "Malam, mu dai kai mu bikin nan kafin a raba abinci." Shi kuwa ko a jikinsa, gobe ma sai ya sake.

Yana alfahari da aikin nan ƙwarai, har ranar da aikin ya ba shi kunya.

Kakarmu a gidanmu ta ƙare rayuwarta. Da rani ta rasu, Baffa ya yi kudu da shanu neman ciyawa. Baba ya riga ya saya masa waya da layi tun da daɗewa, don haka ana gama yi mata wanka ya buga. Ta shiga, aka ɗauka. Ashe ba Baffa ba ne. Garken ya rabu biyu a hanya, Baffa ya ba samarin da suka kora rabi wayar, wai su ne yara, sun fi shi bukata. Wanda ya ɗauka ya yi salati, ya ce zai isar da saƙo. Baba ya ajiye waya ya ɗauka magana ta isa. Su kuwa ba su sake haɗuwa da Baffa ba sai bayan watanni.

Farkon damina Baffa ya yi sallama a zaurenmu, da ƙwaryar man shanu a hannu da turmin atamfa a hammata. Ina tsakar gida ina wanke-wanke. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya ce, "Inna ƙarama, ina babbar?" Kafin in haɗa kalma ya wuce ɗakin kakarmu kamar yadda ya saba, ya ɗaga labule. Buhunan gero ya tarar, don an mayar da ɗakin na ajiya. Wallahi har gobe ban manta tsayuwar da ya yi a bakin ƙofar nan ba.

A zaure suka yi ta, gaban maƙwabta. Baffa bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ce, "Kai ne ake cewa kana haɗa mutumin Legas da na Maiduguri su yi magana. Ka kasa haɗa ni da uwata."

Baba, da Hamma yake kiran yayan nasa, ya ce, "Hamma, na buga. Wayar da na saya maka ka ba wani. Ko da ƙafa zan bi ka daji?"

"Da ƙafa," in ji Baffa. "Kafin ku kawo wayar taku, da ƙafa ake zuwa mana."

Ya ajiye man shanun da atamfar a ƙasa ya fita, ko ruwa bai sha ba. Daga ranar bai sake taka Potiskum ba, shanunsa ma a ƙananan kasuwanni ya koma sayarwa.

Ba zan ce Baba bai yi ƙoƙari ba. Ya je sau ɗaya, a daminar, har rugar da suka sauka. Baffa na hango motarsa ya ɗauki sanda ya bi shanu, ya bar saƙo a bakin matarsa: a ce wa injiniya ya buga waya. Baba ya dawo bai ci abinci ba. Daga nan ya ce ba zai ƙara tilasta wa yayansa ganin fuskarsa ba. Daga nan ne kuma ya zama mai kai labarin mutuwa gida-gida a Dogo Nini, da ƙafa, ko rana ko ruwa. In an ce ya huta ya buga waya sai ya ce zumunta a ƙafa take. Na taɓa ce masa, "To Baba, ƙafar ba ta san hanyar ruga ba ne?" Ya dube ni ya ce, "Bakinki irin na mai sunanki ne," ya tashi ya bar min wurin.

Bayan na gama karatun kwamfuta na yi aure a Dogo Tebo, ina koyarwa, sai wata rana ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure da tsohuwar kwamfutarsa, gilashi a kan hanci. Ya ce, "Inna, zauna. Ɗan aike nake so ki yi min."

Na ce, "Jikokinka sun ƙare ne?"

Bai kula ni ba. Ya ce ciwon da ke cikin aikinsu shi ne layi suke bi, ba mutum ba. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa babu laifi, wayarsa na aljihunsa. Amma makiyayi yau wayar na hannunsa, gobe tana hannun ɗansa, jibi caji ya ƙare, gata ta faɗa rafi. Ya ce ya karanta cewa akwai ƙananan manhajoji da suke tashi daga wannan na'ura su koma waccan da kayansu a ka, su zauna su jira, in an kira su wani wuri su sake tashi. "Irinsu nake so. Kowane mutum da nasa. Ya riƙe masa saƙonninsa, duk inda mutumin ya ɓulla ya je ya same shi, ko wayar wa ya ara."

Ya kai maganar wurin manyan kamfanoni, suka ba shi lemo suka ce za su neme shi. Da ya ga shiru sai ya ce mu yi da abin da ke hannunmu. Dabarar tasa ce, ni hannu kawai na sa. Ya ce makiyayi zai iya ƙin zuwa ko'ina, amma ranar kasuwa sai ya tsaya a rumfar caji, shi ko wani nasa. Muka bi kasuwanni muna sa manhajar a wayoyin masu caji. Mai son aika saƙo ya zo ya yi magana da bakinsa a ɗauka, ba sai ya iya rubutu ba. Makiyayi kuma in ya shiga kowace rumfa, sai ya ce wa mai ita, ni ne wane ɗan wane, a duba min. Mai caji ya rubuta sunan, ɗan aiken mutumin ya taso daga duk rumfar da yake ya zo. In sabis ya ɗauke sai ya zauna inda yake, yana dawowa ya ƙarasa.

Daga baya muka koya masa yin gaba. Baba ya san burtalin shanu na ƙasar nan kamar tafin hannunsa. A ƙasar zaure yake zana min da tsinke, nan ake bi da kaka, nan ake sauka in ruwa ya zauna, wannan kasuwar ake ci bayan waccan. Sai ɗan aiken ya riƙa riga mai shi isa, ya jira shi a kasuwar da ake zaton zai ci. Abin ya yi aiki, ba laifi. An ji haihuwa, an ji rashin lafiya, an ji an ga ɓataccen ɗan maraƙi. Wani dattijo ya jawo rago har ƙofar gida saboda ya samu jana'izar ƙanwarsa. Baba ya ce ya koma da abinsa, in dai yana son ya biya ya kawo kindirmo mai kyau, ba irin na gari da ake tsinkawa da ruwa ba.

Ɗan aike na farko da muka yi, tun muna gwaji, na Baffa ne. Baba ya jawo kwamfutar gabansa ya rubuta sunan da yatsa ɗaya. Baffa bai taɓa shiga rumfa ya ce a duba masa ba, ko da yake babu makiyayin da bai ji labarin na'urar injiniya ba. Haka ɗan aikensa ya yi ta yawo shi kaɗai, da rani ya yi kudu, da damina ya dawo, bisa zaton Baba kawai.

A kan doka ɗaya muka yi rigimar da ta fi kowace. Ni na so in saƙo ya iso rumfa wayar ta yi ƙara, mai caji ya ga sunan, ya leƙa kasuwa ya kira mutum. Ina amfanin ɗan aiken da zai zo ya yi gum? Baba ya ƙi. Ya ce, "Ke ba ki taɓa kwana da shanu a daji ba. Ranar da abin nan ya fara nuna inda mutum yake, mun zama 'yan leƙen asirin ɓarayi. Mutum shi zai ce ga ni. In bai ce ba, ba a gan shi ba." Ya tara masu cajin a zaure ya sa suka yi masa alkawari ɗaya bayan ɗaya. Ba za su tari kowa da maganar saƙo ba sai ya tambaya, ba za su gaya wa kowa wanda ya zo rumfarsu ba. "Ko ni na tambaye ku," ya ce. "Ko yayana ne." Gaskiyarsa ce, na sani. Da ba don dokar nan ba babu Bafulatanin da zai yarda ya ba mu sunansa. Amma ni tun a ranar raina bai kwanta da ita ba.

Ciwon ƙoda ne ya kama shi. Da abin ya yi nauyi sai aka fara kai shi wankin ƙoda Damaturu, maigidana na tuƙi, ni ina baya da shi. Hanyar kuwa ta tsakiyar Damagum ta bi, kuma damina ce, lokacin da Baba da kansa ya ce su Baffa suna sauka a wannan yankin. Can ɗan aiken Baffa yake zaune, a wayar mai cajin Damagum, wani magidanci mai furfura a gemu da Baba ya fi yarda da shi.

Wata safiya kafin mu fita ya ce in kawo wayata zai yi magana. Na riƙe masa. Da Fulatanci ya yi, muryar duk ta shaƙe, kuma kusan duk gaisuwa ce. Na ce, "Baba, ka faɗi maganar mana, ba sallar idi ka je ba." Ya harare ni, ya ƙara 'yan kalmomi, ya ce in tura. Muka ga saƙon ya isa Damagum. Daga ranar kullum sai ya tambaye ni, wai shi a fakaice, "Na'urar taku lafiya dai?" Ni kuwa na san abin da yake tambaya. In ce lafiya lau, ba a dai duba ba tukuna. Ya ce to.

Na sa maigidana ya samo wata lambar Baffa wurin dillalan shanu, muka buga, a kashe. Na kira mai cajin Damagum a ɓoye na ce don Allah ko yana ganin Baffa. Ya ce, "Malama, na yi wa Baba alkawari." Na ce alkawarin banza, mutum na mutuwa. Ya ce in yi haƙuri. Ban san yadda aka yi Baba ya ji ba. Ya kira ni ya ce, "Inna, in kika tura wani ya nemo shi a bayan idona, ban yafe ba. Na je ƙofarsa ya tashi. Yanzu ga saƙo a inda zai gani. In yana so zai tambaya." Duk wanda ya san nauyin wannan kalmar a bakin uba ya san an ɗaure ni.

Akwai ranar da tafiyarmu ta faɗo a kan kasuwar Damagum. Motoci suka cushe, muna tafiya kamar a ƙafa. Fulani ko'ina, malafuna da sanduna, mata da ƙore a ka. Ana hango rumfar cajin daga titi, janareto na ta ƙara. Baba ya manna fuskarsa a gilashi yana bin mutane da ido ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, mu tsaya mu sha ruwa." Ya ce ba ya jin ƙishi. Na ce, "Ni ina ji." Ya ce akwai ruwa a mota. Maigidana ya rage gudu har ya kusa tsayawa, yana kallona ta madubi. Baba ya ce masa, "Wuce, za mu makara." Muka wuce. Ranar ko maganar turaku bai yi ba har Damaturu.

Bai ƙara wata guda ba bayan wannan. Da hantsi ya cika, Umma na riƙe da hannunsa.

Ranar sadakar uku ta zo daidai da kasuwar Damagum. Mai cajin ya kulle rumfarsa da wayar manhajar a ciki ya taho wurinmu. Baffa ya je ya tarar da ita a rufe, abin da bai taɓa gani ba ranar kasuwa. Ya tambayi mai shayin da ke gefe ko lafiya. Mai shayi bai san ko shi wane ne ba, ya ce ai injiniyan nan na Potiskum ne Allah ya yi wa rasuwa, can suka tafi gaisuwa. Tambayar farko da Baffa ya taɓa yi a wurin ke nan.

Da la'asar ya iso. Na ji waje ya yi tsit, sai maigidana ya leƙo ya ce in fito da mayafi. Ya rame, ya tsufa, kamanninsu da Baba sun ƙara fitowa har na kasa kallonsa sosai. Yayyena suka tashi suka ba shi kan tabarma, ya ƙi, ya zauna a gefe kamar baƙo. Mai cajin Damagum na ganinsa ya rufe fuska da hula ya fashe da kuka, babba da shi. Baffa ya shiga ya yi wa Umma gaisuwa daga bakin ƙofa, sannan ya ce a kira masa Inna.

A zaure muka zauna, kwamfutar Baba na nan a kan tebur an rufe ta da ɗankwali. Baffa ya ce, "Ya daɗe yana jinya?"

Na ce, "Tun farkon ruwa."

"Bai neme ni ba."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ya neme ka, Baffa. Ya bar maka saƙo da bakinsa, yana can a rumfar cajin Damagum tun yana iya zama. Cewa kawai za ka yi a duba maka." Na gaya masa yadda abin yake, da dokar da Baba ya kafa, da alkawarin da ya ɗora wa masu caji. Ban tausasa ba, Allah ya yafe min, har ranar da muka wuce ta kasuwa sai da na faɗa masa.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Duk kasuwar da ta ci tun da muka sauka, ina rumfar nan. In ba mai cajin waya ya sa a wuta, in zauna a benci har rana ta juya. Na san na'urar ƙanina ce a hannunsa. Na san ya gane ni, don ba ya iya haɗa ido da ni. Ina jira ya ce min, dattijo, ɗan'uwanka yana nemanka."

Na ce, "To me ya hana ka tambaya?"

Ya ce, "Ni na kore shi, Inna. Da wane bakin zan je in ce ko ya aiko? Babba ba ya tambaya. Nemansa ake yi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar ƙaramar waya, an ɗaure ta da roba, ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Ya ce, "Wannan ma ba ta aiki. Tun bara ta sha ruwa. Ita nake kai masa."

Na dubi wayar, na dubi tsohon nan. Na so in yi masa faɗa irin wanda nake yi wa Baba. Mutum biyu, kowa na zaune da kunyarsa yana jiran ɗaya ya fara, tafiyar da ba ta kai awa guda ba tsakaninsu, ga mu nan mu masu ilimi da na'ura mun tsaya muna kallo. Da-na-sani ƙeya ce, amma wannan ta yi mana nauyi.

Ban jira ya ce a duba masa ba. Na ɗauko wayata, ita ma tana cikin rumfunan tun zamanin gwaji, na rubuta sunan da bakina bai taɓa faɗa ba. Sabis ya ɗan yi wasa. Can sai ga ɗan aiken ya taso daga Damagum ya iso Dogo Nini da kayansa. Na ajiye wayar kusa da tasa na danna.

Muryar Baba ta yi sallama. Baffa ya ɗago kai da sauri, sannan ya amsa, a fili, kamar yadda ake amsa wa mai shigowa. Sai a lokacin na lura Baba ya bar fili bayan kowace gaisuwa, daidai yadda mutum zai amsa, abin da na ɗauka numfashi ne yake yi masa wuya.

"Hamma, ka kwana lafiya?"

Baffa ya ce, "Jam," wato lafiya.

"Ya iyali, ya yara?"

"Jam."

"Ya shanu? Ruwa ya zauna a wajenku?"

"Ya zauna. Mun gode Allah."

Sai aka ji muryata ina cewa ya faɗi maganar mana. Sannan Baba ya ce, "Hamma, jikin ya ƙi. Gaskiyarka ce, da ƙafa ya kamata in zo. Yanzu ƙafar ba ta ɗaukata. In ka samu hali ka zo in gan ka."

Saƙon ya ƙare. Baffa ya matso da fuskarsa kusa da wayar, ya dafa tabarma da hannu biyu.

Ya ce, "Ga ni. Na zo."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ya ba Baffa haƙurin da mu ba mu da shi da za mu ba shi.